Kicin ɗin Anti: Maigida ya yi wa danginsa alƙawarin gasasshiyar cinyar rago, ni kuwa ko oben ban taɓa kunnawa ba

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan watan yawancin saƙonnin da suka shigo duk akan nama ne, ban sani ba ko kowa ya samu kuɗi ne ban da ni. Na zaɓo guda huɗu, ta farkon ce zata fi cin wuri saboda wallahi ina karantawa ina dariya ina tuna kaina.

Tambaya

Anti ina wuni, ya aiki ya iyali. Dan Allah ki taimaka min kafin na ji kunya. Wata biyar kenan da bikina, girkin yau da kullum Alhamdulillah ina taɓawa, shinkafa da miya, taliya, tuwo ma ba laifi, amma gashi ko na kaza ban taɓa yi ba. Toh ranar nan muna zaune da maigida na nuna masa wani bidiyo a waya, wata baturiya ta gasa cinyar rago a oben ta fito tana ƙyalli, ni dai cewa kawai nayi kai wannan zaiyi daɗi, ashe shi ya riƙe abin a ransa, sai jiya yake ce min wai ya faɗa wa su Hajiya da yayyensa mata biyu da mazajensu su zo ranar Asabar ta sama amarya zata gasa musu cinyar rago, harda ƙaninsa da wani abokinsa, in an haɗa da mu mutum tara kenan. Anti oben ɗin nan cikin kayan ɗakina ya zo, irin mai haɗe da murhun gas ɗin nan, har yau ledar cikinsa ban cire ba, tukwane nake ajiyewa a ciki. Baturiyar tace awa ɗaya da kwata ya isa, kuma da ta yanka cikin jajaja ne, ni kam nasan Hajiya in ta ga haka ko taɓawa bazatayi ba. Wace irin cinya zan siya, guda nawa, me zan shafa mata, awa nawa zatayi, ya zan gane ta nuna? Sannan ya zanyi da ƙarni, dan babbar yayarsa ko man shanu bata ci saboda ƙarni.

Amarya daga Kaduna

Amsa

Lafiya lau ƙanwata, kwantar da hankalinki. Ance amarya bata laifi ko ta kashe ɗan masu gida, amma dai kar mu gwada karin maganar nan akan haƙoran Hajiya. Shi kuma maigidan naki da ya iya alƙawari da bakin wani, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, dan haka kasuwa da cika silinda duk nasa ne, ki faɗa masa inji Anti.

Abu na farko, ki rufe bidiyon nan. Ba ƙarya baturiyar tayi ba, naman ne ba ɗaya ba. Abin da suke gasawa a Ingila ko Ostireliya ɗan rago ne da bai kai shekara ba, wani ma ƴan watanni ne, namansa laushi gare shi tun yana ɗanye, shi yasa awa ɗaya da ɗoriya ke isarsa kuma su a haka suke so cikin da ja-ja. Namu kuwa, ko Balami ne ko Uda ko Ƴankasa, ragon da ya sha yawon kiwo ne, sau da yawa ya haura shekara ɗaya har biyu kafin ya zo hannun mahauci, cinyarsa tayi aiki, jijiya ta cika ta, kitsen cikin tsoka kuma kaɗan ne. Irin wannan in kika ba shi wuta mai ƙarfi na ɗan lokaci ƙanƙancewa yake ya zama kamar taya. Jijiyar nan ba abin da ke narka ta sai wuta ƙasa-ƙasa da tururi da dogon lokaci. In kin riƙe wannan kaɗai, a rufe, wuta kaɗan, awa huɗu, toh kin gama rabin aikin, sauran duk ado ne.

Ni da wa zan tambaya a lokacina. Shekarar farko da aurena, washegarin Babbar Sallah, na ce ni ma zan burge, na ɗauki cinya guda na shafe ta da yaji na cusa a oben na ƙure wuta. Bayan awa ɗaya waje yayi baƙi ƙirin, na soka wuƙa sai ga jan ruwa yana bin ta, na mayar, minti goma ba ayi ba aka ɗauke wuta, oben ɗin kuma na lantarki ne. Na dai yanko gefe-gefen da ya fi dama na kai wa Baffa, mahaifin maigida. Ina leƙe ta labule, bawan Allahn nan ya sa yanka ɗaya a baki yana tauna yana tauna, ya kalli silin, ya ci gaba da tauna, can ya ce Allah yayi albarka, a ba shi ruwa. Da gudu na kama ƙanin mijina na damƙa masa kuɗi ya fita ta ƙofar baya ya siyo balangu, na juye a tirena na yanka albasa da tumatir a kai kamar ni nayi. Uwar mijina ta ci yanka biyu ta ce, ikon Allah, yajin nan naki sak na mai naman bakin masallaci. Har ta koma ga Allah in aka kawo balangu gidan sai ta ce a kira ni na ɗanɗana ko nawa ne.

Toh bari mu bi abin daki-daki daga kasuwa.

Mutum tara, cinya mai ƙashi, ki lissafa wa kowa kamar giram 300 zuwa 350 na ɗanye, saboda ƙashi zai ci nasa kuma nama yana raguwa sosai a wuta, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ko fiye yake tafiya. Kenan kina neman kilo 3. In an samu babbar cinya guda mai wannan nauyin shikenan, in kuma ƴan madaidaita ne masu kilo ɗaya da rabi zuwa biyu toh a ɗauko biyu, ni na ma fi son haka dan sun fi saurin nuna kuma yawanci ƙaramin rago ne. Kafin a tafi ki auna tiren oben ɗinki da igiya ko tsintsiya ki ba maigida, dan ba ƙaramin takaici bane a kawo cinya ta ƙi shiga. Ya ce wa mahauci cinyar baya yake so ɗungurungum, kar ya sassara ta, dan hannunsu ya saba da sara kafin kayi magana ya raba ta shida. In tayi tsawo ya sare ƙaurin kawai a haɗo da shi. Ya duba launi, naman da bai yi duhu sosai ba mai farin kitse shi ne na yaro, wanda yayi ja mai duhu kitsensa ya ɗauko rawaya-rawaya tsoho ne. Kuma ya tabbatar rago ne, kar a haɗa shi da bunsuru.

Maganar ƙarni, yawancinsa a kitse yake. Akwai wata kaluluwa da ke ɓoye cikin dunƙulen kitse a tsakiyar cinya ta baya, tsakanin tsoka da tsoka, mahauta sun san ta, a ce ya cire. Ke kuma in an kawo ki rage kitsen da yayi kauri, amma kar ki kwashe duka ki bar shi tsirara, ki bar ɗan siriri a sama shi ne zai hana naman bushewa. Ki wanke da lemon tsami ki fitar da ɓarɓashin ƙashi, ki tsane shi sosai da tsumma mai tsafta, sannan ki wanke wajen da wuƙar da sabulu kafin ki taɓa kayan salak.

A siyo ranar Alhamis da yamma ko Juma'a da safe, ba ranar Asabar ba. Naman da aka yanka yanzu-yanzu yana sandarewa bayan ƴan awanni, sai ya kwana yake sakewa, kin ga ai shi yasa iyayenmu suke rataye naman layya ya sha iska kafin a taɓa shi. Ke naki a firij zai kwana.

Kayan shafi ba sai kin je babban kanti ba. Tafarnuwa kamar ƙwaya goma, ɗanyar citta kamar babban yatsanki, albasa ɗaya, attaruhu biyu, masoro cokalin shayi ɗaya, kanumfari huɗu ko biyar kar ki wuce haka dan yana da mulki, kimba ɗaya ki fasa ki zubar da ƴaƴan saboda ɗaci, kori da tayim in kina so, man gyaɗa cokali huɗu, ruwan lemon tsami guda ɗaya. Ki daka a turmi ko ki markaɗa amma kar ki tsuga ruwa, so ake yayi kauri. In kina da kindirmo mara suga ki zuba ludayi ɗaya, yana taimakawa wajen laushi kuma yana kashe ƙarni. Gishiri shi ne inda sababbin hannu suke faɗuwa, suna jin tsoro su sa ɗan kaɗan, sai waje yayi daɗi ciki lami. Kilo 3 zai ɗauki babban cokali ɗaya da rabi, in zaki sa Maggi uku ko huɗu toh ki tsaya a cokali ɗaya. Sai ki ɗauki ƙaramar wuƙa mai tsini ki soka cinyar wuri kamar ashirin, zurfin gaɓar yatsa, ki dinga tura haɗin ciki da yatsanki, ragowar ki shafe jikin. Ki rufe ki sa a firij ya kwana. Yajin ƙuli-ƙuli kar ya shiga yanzu, ƙonewa yake yayi ɗaci, nasa lokacin sai an zo ci.

Yanzu oben. Ba a fafe gora ranar tafiya ƙanwata, yau ɗin nan ki fitar da tukwanen, ki cire leda da kwali da ɗan littafin da ke ciki, ki buɗe tagogi ki kunna shi ba komai a ciki yayi kamar minti arba'in, zai yi wari da ɗan hayaƙi, na sabunta ne, gara ya fita yanzu da ya shiga naman Hajiya. Wajen kunnawa ki buɗe ƙofarsa tukuna, ki kyasta ashana sannan ki murɗa gas, in bai kama ba ki kashe ki jira warin ya fita kafin ki sake. Ranar Talata ko Laraba ki gwada gasa kaza ɗaya ku ci ke da maigida, a nan zaki gane halinsa, ko yana ƙona ƙasa ko ɓangare ɗaya ya fi zafi, dan kowane oben da halinsa kamar kishiya. In maɓallin naki digiri ne a rubuce toh 160 kike nema. In lambobi ne 1 zuwa 8 ko 9, lamba 3 ita ce wajen 160, lamba 4 wajen 180, lamba 7 wajen 220. In kuma irin wanda ba komai sai hoton ƙaramar wuta da babba ne, ki tsaya kusa da ƙaramar.

Mu ce za a ci abinci ƙarfe biyu da rabi bayan an dawo Azahar. Ƙarfe takwas ki fito da naman daga firij ya rage sanyi. Tara saura kwata ki kunna oben. Ki yanka albasa manya uku fala-fala ki shimfiɗa a tire mai zurfi, da karas in akwai, ki ɗora cinyar a kai, ki zuba ruwa kofi biyu a gefe ba akan naman ba dan kar ki wanke shafin. Ki rufe da foyil ninki biyu ki danne bakin tiren sosai yadda tururi bazai fita ba, wannan rufin shi ne sirrin, in ya huje ki sake wani. Ƙarfe tara ki sa a tsakiyar oben ki rufe ki tafi ki ɗora shinkafarki. Kar ki yi ta buɗewa kina leƙe, duk buɗewa zafi kike zubarwa. Sau ɗaya kawai, wajen sha ɗaya, ki ɗaga gefen foyil a hankali, fuskarki nesa dan tururin yana ƙuna, ki duba ruwa, in ya kusa ƙafewa ki ƙara kofi ɗaya mai zafi ki mayar da rufin.

Ƙarfe ɗaya ki fito da shi ki gwada. Zaki ga naman ya ja baya ya bar kan ƙashin a fili. Ki soka cokali mai yatsu a inda ya fi kauri ki murɗa, in ya juya ba gardama naman yana rabuwa toh ya yi. In kin ji yana riƙewa, ki rufe ki ƙara masa minti talatin zuwa arba'in, ba abin da ya lalace, rago ne dattijo kawai. Masu ɗan ma'aunin zafin nan da ake sokawa a nama, digiri 63 shi ne inda ya halatta a ci ba tsoron cuta in an bar shi ya huta, a nan baturiyarki ta tsaya, wajen 71 jan yake ɓacewa, mu kuma sai ya kai kusan 90 muke samun laushin da muke so. In baki da shi kar ki damu, ido ba mudu bane amma ya san kima, cokalin ma ya isa.

Da ya yi laushi zaki ga kalarsa ba kyau, fari-fari kamar dafaffe, kar gabanki ya faɗi. Ki tsiyaye romon a ƙaramar tukunya, ki cire foyil, ki shafa masa ɗan mai, ki ƙara wuta zuwa 220 ki mayar a buɗe minti goma sha biyar zuwa ashirin. Wannan karon kam ki tsaya a wajen, ki ajiye waya, dan tsakanin ja mai kyau da gawayi minti biyar ne. In ya fito ki ɗora masa foyil sako-sako ki bar shi ya huta minti ashirin ko talatin kafin wuƙa ta taɓa shi, in kika yanka da zafinsa duk ruwan zai zube a faranti naman ya bushe. Kin ga biyu da kwata kin gama, kuma ko baƙi sun makara yana riƙe zafinsa kusan awa guda in kin lulluɓa tawul a kan foyil ɗin.

Romon nan da kika tsiyaye kar ki zubar, ya fi naman daɗi. Ki bar shi ya ɗan tsaya kitsen zai taso sama, ki kwashe da ludayi, saboda babbar yaya, sai ki murƙushe albasar da ta narke a ciki ki tafasa ya ɗan yi kauri ki ɗanɗana gishiri. Kitsen rago yana saurin daskarewa, da ya huce sai ya kama wa mutum baki, toh komai ya je da zafi, romon ma a ƙaramar kula.

Shawarata ki kai cinyar gabansu yadda take kowa ya gani, tunda abin da aka yi musu alƙawari kenan, sai ki koma ki yanka ki raba na maza da na mata. Ki yanka a gicciye, wato wuƙa ta tsallaka zaren naman kar ta bi shi, ko da yake in ya yi yadda nake faɗa miki da cokali ma zai ɓare. Na Hajiya ki zaɓo mata na kusa da ƙashi ki zuba romo. Abin haɗawa kar ki wahalar da kanki da kala bakwai, jalof ko farar shinkafa da miyar da kika riga kika iya, gurasa ko sinasir na siye, kabeji da tumatir da albasa, yaji a gefe, zoɓo mai sanyi. In kina son dankalin turawa ki tafasa shi rabi ki zuba a tiren lokacin da kika buɗe foyil. Sabon abu ɗaya ya isa a rana ɗaya. Ki rubuto ki faɗa min abin da babbar yaya ta ce.

Tambaya

Salam Anti, na gaishe ki. Ni ba ni da oben, murhun gawayi gare ni da ƙaramin gas. Ƙawayena na makaranta zasu zo min su biyar kuma ina so in musu gashin cinya ba soye ba, dan kullum soye ake. Zai yiwu ko in haƙura?

Wata ɗiyarki daga Maraɗi

Amsa

Ɗiyata ke da kike Nijar ai ku ne malaman gashi, mu nan sai kallo. Duk wanda ya taɓa yin Babbar Sallah a Yamai ko Damagaram ya ga yadda ake buɗe rago a tsire shi a sanduna a jera kewaye da wuta tun hantsi har dare, ba a ɗora shi kan harshen wuta, zafin ne yake ratsa shi daga nesa a hankali. Kin ga dai dokar ɗaya ce da wadda na faɗa wa amarya.

Amma ke kaɗai da cinya ɗaya ga hanya mai sauƙi. Ki yi shafin nan na sama ya kwana. Ki samu tukunya mai kaurin gindi wadda cinyar zata kwanta, in bata shiga ba mahauci ya raba ta biyu a gaɓa. Ki zuba mai kaɗan ki soya kowane gefe yayi ja, ki ɗaga ki shimfiɗa albasa da yawa a ƙasa ki mayar, ruwa kofi ɗaya da rabi, ki rufe bakin tukunyar da foyil sannan murfi, ki ɗora turmi ko dutse a kai. Wuta can ƙasa, yadda zaki ji yana ɗan ɓararraka a hankali, awa biyu da rabi zuwa uku, kina juyawa duk bayan minti arba'in kina duba ruwa. Ki sauke tun yana da ɗan ƙarfinsa, kar ya kai ga zubewa, dan zai hau wayar gashi. Sai ki hura gawayi ki jira har baƙin ya tafi toka ta rufe garwashin, ki ɗora waya da ɗan nisa, ki gasa minti goma sha biyar zuwa ashirin kina juyawa kina shafa mai da romon. In kitse ya ɗiga wuta ta tashi ki ja naman gefe har ta lafa. Wallahi wannan ya fi na oben ƙamshi, saboda hayaƙin gawayi ba abin da ke kama shi. Gawayin dai a tsakar gida, kar ki shiga da shi ɗaki ko rufaffen kicin ko da ana sanyi ko iska, hayaƙinsa mara wari yana kashe mutane ba su sani ba.

In kuma ranar ta zo kin ga abin ya fi ƙarfinki, ba abin kunya bane ki yi shafinki ki aika wa mai balangun unguwa ya gasa miki ki biya shi, ki dai ce ya naɗe a takarda ya ajiye gefen wuta ya daɗe.

Tambaya

Anti barka da aiki. Ni namiji ne, gwauro, amma ina bin shafinki a ɓoye. Akwai cinyar ragon layyata a firiza tun Sallah, abokai sun matsa sai na gasa musu ranar kallon ƙwallo. Ya zan narkar da ita? Wani ya ce na jiƙa a ruwan zafi, wani kuma ya ce na jefa farasitamol biyu tayi laushi.

Ƙaninki daga Abuja

Amsa

Ƙanina ka fito fili, maza da yawa suna karantawa. Wanda ya ce maka farasitamol kar ka sake cin abinci a gidansa. Magani ne ba kayan miya ba, yawansa hanta yake lalatawa, kuma ba ka san me zafi yake mayar da shi ba a tukunya. In laushi kake nema ga ɗanyar gwanda nan, ka goga kamar cokali biyu ka haɗa da shafin, akwai sinadari a cikinta da ke sassauta nama, amma awa biyu zuwa uku ya isa, in ya kwana da ita naman zai dame ya zama kamar fate. Ko ka naɗe shi da ganyen gwandar da ka ɗan murza. In kuma zaka yi gashin awa huɗu a rufe ba ma sai ka sa ba.

Ruwan zafi ma a'a, waje zai ɗumame ƙwayoyin cuta su samu wurin zama alhali ciki ƙanƙara ne. Ka sauko da ita daga firiza zuwa firij a cikin roba, cinya mai kilo biyu zuwa uku tana cin kwana ɗaya zuwa ɗaya da rabi kafin ta saki. In lokaci ya ƙure ka ɗaure ta a leda ka nutsa a ruwan sanyi kana canza ruwan duk rabin awa, ka gasa a ranar.

Amma kafin duk wannan ina da tambaya. Tun Sallah firizar nan bata taɓa mutuwa ba? In ka san an yi kwana biyu uku ba wuta naman ya narke ya sake daskarewa, ka duba da kyau, in ka ga jini ya taru ya daskare a gindin ledar, ko bayan ya saki ka ji yana yauƙi ko wani tsami-tsami, ka haƙura da shi, yaji baya gyara ruɓaɓɓen nama. Sannan in kun ci kun rage kar ku bar shi a tire har a tashi wasa a yi ta musu, awa biyu ne iyakarsa a waje, lokacin zafi ma awa ɗaya, a mayar firij.

Tambaya

Anti ni nawa ya riga ya faru, na gasa jiya ya bushe ƙamas, ko yara sun ƙi ci. In zubar?

Maman biyu daga Jos

Amsa

Haba dai, a wannan tsadar? Ki yanka shi siri-siri a gicciye, ki soya albasa da attaruhu da tumatir ɗaya, ki zuba ruwa kofi ɗaya da dunƙule ɗaya, ki juye naman ki rufe a ƙaramar wuta minti arba'in, zai sha ruwa ya sake, ku ci da gurasa ko burodi. In kuma ya wuce nan, ki dafa shi da ɗan ruwa har ya ƙafe, ki daka a turmi, ki soya da yaji ya zama dambun nama, ki zuba a kwalba ki ɓoye inda yaran nan da suka ƙi ci basa kaiwa.